Mangwaron da Tsuntsu Ba Ya Sauka a Kansa

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokin karatuna, jakarmu cike da kwalabe. Ba a daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, shingayen soja sun ragu, amma direbanmu sai ya riƙa taka birki a inda babu kowa, tsabar sabo.

Ganye muka je tsinka a Kano, don binciken karatunmu. Idan bishiya na shan wahala, ganyenta kan tara wani sinadari mai cin sa daga ciki, ido ba ya gani. Mukan jiƙa ganyen a ruwan magani, mu tafasa shi a sifirit. Koren sai ya fita, inda wahalar take ya yi duhu.

Mun karya da koko da ƙosai a Titin Ibrahim Taiwo, muka tsinki dalbejiyar da hayaƙin 'yan acaɓa ya turare. A Fagge muka hango mangwaro ta saman katanga, kore shar, muka yi sallama don mu sami lafiyayyen ganye na kwatance. Wata dattijuwa Bayarabiya ta buɗe mana.

"Ku ɗiba, 'ya'yana," in ji ta. "Amma tun bara ko tsuntsu ɗaya bai sauka a kansa ba."

Sai a lokacin na ji shirun gidan. Mijinta na kwance a gindin bishiyar, kusa da rijiya, idonsa a buɗe, bai amsa gaisuwarmu ba.

A Sabon Gari wani Ibo mai sayar da kayan gwaji ya ara mana bayan shagonsa. Da la'asar muka tsamo ganyayen. Na bakin titi suka fito farare da 'yan ɗige-ɗige. Na mangwaron ya fito baƙi har jijiyoyinsa. Mai shagon ya leƙa, ya ja da baya.

"Malam, a maƙabarta kuka tsinko wannan?"

Muka koma Fagge a guje. Nan dattijuwar ta gaya mana a bayan katangarta ake fasa tsofaffin batura, ruwansu yana bin ƙasa.

"Gwajinmu ba ya faɗin dalili, Inna," na ce, "amma ku daina shan rijiyar nan, a kai Baba asibiti."

Ta daɗe tana kallon ganyen a tafin hannuna. Sannan ta jawo kwanon rufi, ta rufe bakin rijiyar, ta danne shi da dutse.

Tun daga ranar, kafin in miƙa hannu kan reshe, sai na tambayi masu zama a inuwarsa yaya jikinsu.