Wasiƙar da Man Tsire Ya Cinye

Takalminta na fara gani. Ranar kasuwar garinmu ce, bayan la'asar, ina durƙushe a bakin tukuba ina juya tsinkayen tsire, hayaƙi ya cika mini ido, sai ga takalmi fari tas ya tsaya a gabana. Na ɗaga kai. Ɗalibar kwalejin Bici ce, cikin waɗanda aka turo firamarenmu koyon koyarwa na wata uku. Malama kowa yake ce mata.

Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin. Na gama sakandare, na so in wuce gaba, amma hayaƙi ya riga ya cinye idon Baba, ba ya bambance tsiren da ya gasu da wanda ya ƙone. Tukubar nan kakana ya gina ta da jar ƙasa, gidanmu kuma fawa muka gada. Baba ya koma kan benci yana yanka albasa da lalube, ni na karɓi wuta. Abin da ya rage mini shi ne littattafan soyayya da nake ɗauko haya. A cikinsu saurayi kullum yana da mota da ƙamshin turare. Ni ko sau uku na cuɗa jikina da sabulu, warin ƙuli-ƙuli ne yake riga ni shiga masallaci.

Duk ranar kasuwa sai ta zo. Wata rana tana jiran nata ya yi zafi ta ce, "Mai tsire, ka san me Turawa suke ce wa aikin nan naka?"

"Wahala," in ji Baba daga benci.

Ta yi dariya har tana riƙe mayafi. "A'a, Baba, babakiyu suke cewa. Kuma kalmar ba tasu ba ce, aro suka yi wurin mutanen wasu tsibirai can ƙetaren teku. Asali wani gadon itace ne da suke kafawa sama da wuta, su shimfiɗa nama ko kifi a kai."

"To, 'yan'uwanmu ne ke nan. In kin gan su ki gaishe su. Kai, ƙara mata tsinke ɗaya."

Sati guda ina juya maganar nan a raina. Sana'ar da nake jin kunyarta sunanta ya ƙetare teku, ni ko Birni ban cika zuwa ba. Na kuma yanke cewa mace ba ta bai wa namiji labarin teku haka kawai. A littafi dai ba a taɓa yi ba.

Sai dai babu inda zan yi mata magana. Tukuba a tsakiyar kasuwa take, Baba kuma ido ya rasa, kunnensa garau. A gidan hedimasta aka sauke ta, kuma ban taɓa jin ɗan mahauci ya yi sallama da malamar makaranta ba. Don haka na rubuta wasiƙa, shafi biyu, na zuba mata duk kalaman da na tara tun ina aji uku. Dabarar da na yi, da ita zan naɗe mata nama. Na sa wasiƙar daga ciki don kada wani ya gani, na zare tsiren a kanta da zafinsa, na barbaɗa yaji. Sannan, don ta san ta fi kowa a wurina, na zuba mata man gyaɗa fiye da yadda nake zuba wa Hakimi.

Da kasuwa ta zagayo ta dawo. Ta tsaya kusa da wuta fiye da kullum.

"Mai tsire, takardar da ka naɗe mini ran nan rubutun hannu ne a jiki. Mai ya jiƙa ta, biron duk ya narke. Ban iya karanta komai ba sai sallamar farko. Ta wane ne?"

Ta tsaya tana kallona. Wuƙar Baba ta daina motsi a kan katako. Mutum huɗu suna bayanta suna jira, har da ƙanin limaminmu.

"Tsohon littafin makaranta ne, Malama," na ce.

"Ayya. Mai shi ya iya rubutu."

Ba ta tafi nan take ba. Ni kuwa na sunkuya ina gyara gawayin da bai buƙaci gyara ba, har Baba ya ce, "Kai, ina jin ƙauri." Tsinke uku suka ƙone. A satin nan wata ukunsu ya cika, mota ta zo ta kwashe su.

Yau shekara goma sha shida ke nan ina bakin tukubar. Bara wani mai kawo mini albasa daga Watari yake ba ni labarin shugabar makarantar da 'ya'yansa suke, na yi ta tambayarsa har na tabbatar ita ce. 'Ya'yanta biyar, ta je Makka. Mijinta kuma, in ji shi, wani mai kilishi ne daga Rimin Gado, ɗan gidan fawa gaba da baya. Wai a kasuwa ya tare ta, gaban kowa, ya ce yana son ta.