Fannami da Jar Kwalba

Fannami mutumin Gure ne, ɗan masu lambu. A shekarun da motoci suka fara ratsa yashi daga Damagaram zuwa gabas, wani Nasara ɗan kasuwa ya kafa rumfa a bakin gari, inda yake ajiye gangunan isansi, wato man mota. Ya ɗauki Fannami tsaro don ya ji an ce ba ya shan taba.

Wata rana Nasaran ya zo da jar kwalbar ƙarfe mai ƙaho a baki. Ya zuba isansi a kasko, ya kunna, ya nuna masa aikinta. Wutar isansi ba a zuba mata ruwa, sai ta bi ruwan ta bazu. Iskar da ke cikin kwalbar ce ke shaƙe ta. Mutum ya tsaya ta inda iskar gari ke busowa, ya nufi gindin wutar, ya murɗa kan kwalbar. Kada ya riƙe ƙahon da hannu, don sanyinsa na ƙuna kamar garwashi, kada kuma ya fesa ta a rufaffen ɗaki. Fannami ya riƙe duka. Kowace safiya yakan ɗaga ta, don da nauyi ake gane tana cike.

Direban kamiyon Nasaran, wato babbar motar kayansa, shi ne Garbai, mijin Biba, ƙanwar Fannami. Fannami ne ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki, kuma kwano ɗaya suke ci.

Cikin wata bazara aka aiki Garbai kasuwar Gidigir, Nasaran ya ce ya tafi da kwalbar saboda injin na yawan ɗaukar zafi. Da la'asar ya dawo. Yana cikin zuba mai injin bai huce ba, sai wuta ta tashi, ta kama masa wando. Fannami ya fizgo kwalbar daga mota. Tun yana gudu ya ji ba ta da nauyi. Ya murɗa, ta ɗan yi huci ta yi shiru. Ya jefar da ita, ya kayar da Garbai ya birkiɗa shi cikin yashi, sannan ya koma ya gangarar da gangar da ke kusa da wutar. Nan hannunsa na dama ya ƙone har gwiwa. Kamiyon kuwa ya ƙone ƙurmus.

Kashegari Nasaran ya zo gida da tafinta da Garbai, Fannami na kwance a tabarma. Ya tambayi wa ya taɓa kwalbar.

Garbai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka na ɗauke ta. Yaya ne ke wasa da ita kowace safiya, kowa ya sha gani."

Fannami ya dube shi. Ranar aka sallami Fannami, Garbai kuma aka ba shi sabuwar mota.

Bayan damina wani makiyayi, Abarshi, ya zo duba Fannami. Cikin hira yake ba da labarin abin mamakin da ya gani a Gidigir: direba ya fesa wa goran ruwa farar iska, gora ya yi fari fat, mutane na layi suna kurɓa suna dariya, har iskar ta ƙare.

Fannami ya tarar da Garbai a ƙofar gidansa.

"Ruwa ka sanyaya da ita?"

"Yaya, tsoro na ji. Da na faɗa, ɗaure ni za a yi. Ka dubi Biba da yara."

"Na dube su. Shi ya sa ba zan je wurin Nasara ba. Amma ka ga ina gudu da ita cikin wuta, ka sani babu komai ciki, ba ka ce mini uffan ba."



Fannami ya koma lambun ubansa a kwari, ya koyi jan guga da hagu. Yatsun damansa sun ƙandare, ba su ƙara miƙewa ba. Biba takan zo masa da 'ya'yanta, ya tsinkar musu dabino. Garbai kuwa, in sun haɗu a masallaci Fannami yakan amsa masa sallama, amma har ya rasu bai ƙara taka gidan Garbai ba.