Na Ƙi Canza Wa 'Yata Suna Saboda Ƙarshen Wani Fim

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faro ni ƙaramar matar aure ce, haifaffiyar Tambuwal, aure ya kai ni wani gari a ƙasar Kebbe inda ban san kowa ba sai mijina. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi garin ba, ba kuma zan faɗi sunan fim ɗin ba, don wanda ya san ɗaya daga ciki ya gama gane ni. Mijina ɗan kasuwar hatsi ne, yau yana Dogon Daji gobe yana Sanyinna, ni kuwa ina gida da ciki na uku bayan biyu sun zube. Malamar asibiti ta hana ni daka, ta hana ni jan ruwa, ta ce in kwanta in na so wannan ya zauna. Ni da tun ina yarinya ake cewa ba na iya zama wuri ɗaya, sai ga ni a tabarma ina kallon rufin ɗaki, zuciyata cike da tsoro.

Don ya rage min kaɗaici, mijina ya fara tsayawa wurin masu tura fim a waya duk ranar da ya shiga Tambuwal, saboda a garinmu sai ka hau tudu kafin waya ta kama. A haka na haɗu da wani shiri mai dogon zango, na kuma haɗu da jarumarsa. Marainiya ce, uba ya mutu ya bar mata gona da ƙanne, baffanninta suka taso mata a kan gonar. Da suyar ƙuli-ƙuli ta riƙe gidan. Ba ta taɓa kuka a gaban maƙiyi ba. In abu ya yi mata zafi sai ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaure shi tamau, ta miƙe. Ku yi min dariya in kun so, amma duk sanda marata ta murɗa na ji kamar wannan cikin ma zai tafi, ni ma ɗankwalina nake kwancewa in sake ɗaurewa. A watannin nan ba ni da ƙawar da ta kai ta.

Allah ya sauke ni lafiya, na sami 'ya mace. Ranar suna aka yanka rago aka sa mata sunan mahaifiyar mijina, wadda muke kira Inna. Kowa ya san yadda abin yake a wurinmu: sunan suruka ba ya fita daga bakina, ba ya fita daga bakin ɗanta, dole a nemo wa yarinya lakabin da za a riƙa kiran ta da shi. Mijina ya ce ni na sha wuya, ni zan zaɓa. Ban yi wani dogon tunani ba na zaɓi sunan jarumata. Inna ta tambaye ni inda na samo shi, na ce sunan wata mata ce mai ƙarfin zuciya. Ta juya shi a bakinta, ta ce yana da daɗi, ta sa albarka. Ban yi mata ƙarya ba, sai dai ban gaya mata matar a cikin waya take ba.

Yarinya ta tashi da sunan. Da shi ta yi rarrafe, da shi ta fara tafiya. In ka tambaye ta wace ce ita, sai ta dafa ƙirji ta faɗi rabinsa, don bakinta bai iya sauran ba. Shi kuma shirin yana ta ci gaba, har matan unguwa suka mayar da tsakar gidana wurin kallo, tunda ni ake fara kawo wa sabon fitowa.

Ranar da ƙarshen zangon ya iso lokacin kaka ne. Bayan la'asar na dafa gyaɗa, muka jingina waya da tulu, muka kewaye ta. Kowa na jiran a tona wanda ya zuba wa ƙanin jarumar guba a fura, kuma dukkanmu mun riga mun yanke hukunci a kan babban baffan. Sai kawai aka nuna ita. Ita da hannunta, ita da wannan ɗankwalin, tana damawa tana barbaɗawa, wai don gonar ta zama tata ita kaɗai. Aka nuna ta a ɗaki tana murmushi, rubutu ya hau, shi ke nan. Ni dai na ji kamar an zo an ce min yayata ta ciki ɗaya ta yi kisa. Can sai wata maƙwabciyata mai baki kamar reza ta dubi 'yata tana wasa da ɓawon gyaɗa, ta ce kowa ya ɓoye furarsa ga ta nan tafe. Suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ɗauke wayata, na ɗauke kwanon gyaɗata, na nuna musu ƙofa.

Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi, amma ni ba a haife ni da birki ba. Akwai wani guruf a waya na mata masu kallon shirin, na hau tudun bayan gida na danna saƙon murya. Na wanke marubutan tas. Na ce tunani ne ya ƙare musu, na ce macen da ta goya ƙanne a bayanta tana suya ba ta zama makashiya a yini ɗaya don wani ya ga dama, na ce sun ci amanar duk wadda ta taɓa jingina da matar nan. Na rufe da cewa 'yata sunanta take ci, kuma da shi za ta tsufa, wanda bai so ba ya sha ruwa. Har yau ban janye ko kalma ɗaya a kan marubutan ba. Abin da ban lissafa ba shi ne saƙon murya ƙafa gare shi. Daga wannan waya zuwa waccan, ya bi gidajen biki da wurin niƙa, har ya isa ƙauyen su Inna can wajen Fakku, inda wata ta kunna mata shi, ta kuma zauna ta fassara mata fim ɗin daga farko har guba.

Ɗan kabu-kabu ya sauke Inna daga babur a ƙofar gidanmu da ƙullin kayanta, mayafinta duk ƙurar hanya. Ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ta ce an yanka rago a kan sunanta, ni kuma na ɗauko sunan mai kashe ɗan'uwa na lulluɓe shi da shi, yanzu a ƙauyensu in ta wuce sai ta ji ana maganar fura. Na durƙusa na ce Inna ai wasa ne, matar ma babu ita, wasu ne suka zauna suka ƙirƙira. Ta dube ni sama da ƙasa.

"In gaskiya ta, kin liƙa ma takwarata sunan mai kisan kai. In ƙarya ta, kin liƙa mata sunan ƙarya. Wanne za ni ɗauka? Ni abin da nika so guda na, daga yau Ummi za a kira ta."

Ban ce to ba. Mijina mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga min murya ba, sai dai a gaban uwarsa ba shi da ta cewa. Ya same ni a ɗaki ya ce lakabi ne fa kawai, me zai sa in ɗaga hankalin tsohuwa. Na ce in lakabi ne kawai me ya sa tsohuwa ta hau babur ta biyo wannan hanya. Mahaifiyata ma ta kira daga Tambuwal ta ce in ji kunya, ba ta haifi 'yar da za ta yi ja-in-ja da suruka a kan fim ba. Babu wanda ya gane cewa ni fim ɗin ya riga ya fita a raina. Sunan nake karewa. Da shi na kira 'yata tun tana tsumma, a bakina ta fara jin sa, kuma ban ga dalilin da wani mutum da ke zaune a birni da biro a hannu, wanda bai san an haife ta ba, zai sa a tuɓe mata shi kamar riga.

Inna ta ce za ta zauna har a gama sussuka, don ta ga sabon suna ya kama. Gida duka ya koma Ummi, maƙwabta ma suka ɗauka, wasu don girmama tsohuwa, wasu don su ga yadda zan yi. Ni kuwa in ina mata wanka ko ina ba ta abinci, sunanta nake kira, ba da ƙarfi ba amma ba a ɓoye ba. Yarinya ta rikice. A kira Ummi ta waiga ta ga wa ake nema, ta ci gaba da wasanta, sai a daka mata tsawa ta fashe da kuka. Wannan ya fi komai ci min rai. Daga baya mijina ya gaya min, idonsa a ƙasa, cewa in ban bari ba zan je gida Tambuwal in huta, yarinya kuma tunda an yaye ta za ta bi Inna ƙauye har ta manta. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na gwada faɗin Ummi ni kaɗai a madafa, ya ƙi fita. Na share fuskata, na sake ɗaure ɗankwalina, ban haɗa kaya ba, ban kuma canza baki ba.

Ana cikin haka, wata safiya mata na sussukar dawa a filin bayan gidanmu. Lokacin makiyaya ke sauko da shanu su ci kara a gonakin da aka girbe, kuma hanyarsu wani lungu ne tsakanin darni biyu, dab da filin. Na bar yarinya wurin Inna a gindin bishiya na tafi rijiya. Ina dawowa da bokiti a kai na hango yarinyar daga nesa, ta sulale ta nufi lungun, ta ga ɗan maraƙi tana miƙa hannu. Bayan maraƙin garke ne guda ya cika lungun, manyan ƙahoni a gaba, mai shanun yana can baya bai gan ta ba. Ƙarar taɓare ta hana matan lura. Ni na yi nisa, muryata ba za ta kai ba. Inna ta yunƙura, gwiwoyinta suka ƙi. Ta kira Ummi, yarinya ba ta waiga ba. Ta kira takwara, ba ta waiga ba. Ta kira sunan yanka, nata na kanta, yarinya na ta tafiya. Sai na ji tsohuwar nan ta buɗe murya, irin muryar da ban san tana da ita ba, ta kira sunan da ta zo daga ƙauye don ta kashe.

'Yata ta tsaya cak. Ta juyo tana dariya, ta rugo da gudu ta faɗa jikin kakarta, shanu suka ratsa daidai inda ta tsaya ɗazu. Mai shanun ya zo yana ta ba da haƙuri, bawan Allah, alhali ba laifinsa ba ne. Ni bokitin ma ban san sanda ya faɗi ba. Inna ta rungume yarinya, duk matan sussuka sun ji abin da ta kira, har da mai bakin reza. Magana ta zo min har leɓe, amma karo na farko a rayuwata na haɗiye ta.

Da mijina ya dawo kasuwa da yamma, Inna ta kira shi, ni ina gefe ina tankaɗe.

"Bar ɗiyag ga da sunanta, shi taka ji."

Sannan ta juyo gare ni ta ce taurin kaina ya fi na jakin gidansu, Allah ya sa takwararta ta ɗauki rabi kawai. Na ce amin, Inna.

An ce sabon zango ya fito, an ce wai sun sake juya labarin. Ban kalla ba, ba kuma zan kalla ba. Su wanke ta ko su rataye ta, ba su da sauran iko a gidana. Abin da zan gaya wa 'yan'uwana mata shi ne, kada ki ɗauko wa ɗanki suna daga labarin da ba a gama rubutawa ba, don mai rubutun bai san da ke ba, kuma gobe zai iya juya wadda kike ƙauna yadda ya ga dama. Kada kuma ki danna saƙon murya ranki a ɓace, ni na ga inda nawa ya kai ni, saura ƙiris ya raba ni da 'yata. A nan na yi kuskure, na yarda. Amma a kan sunan ban yi nadama ba. In yaro ya riga ya amsa suna, ya zama nasa, ba na ɗan fim ba, ba na masu tsegumi ba, kuma ranar da za ki buƙaci ya waigo ba za ki sami lokacin koya masa wani ba.

Yanzu yarinyar ta shiga Islamiyya. Inna ta tsufa sosai, ta dawo gidanmu da zama. Kullum da hantsi ni nake dama mata fura, amma ba ta karɓa daga hannuna. Sai ta ɗaga murya ta kira wannan sunan, ta ce takwararta ta kawo mata.