Wat Huɗu na Pani Mirka

Wata ranar Talata da hantsi Pani Mirka, wato Malama Mirka a harshen ƙasarsu, ta ji ana maganarta a tashar rediyo ta goma sha tara. Tana sunkuye tana liƙa waya da dalma, rediyon sibi na shagonta, irin wanda direbobi ke hira da juna da shi a hanya, yana ta surutu a kan kanta kamar kullum. Wani direba yana tambayar inda 'yan sanda suka laɓe, wani yana zagin wanda ya sha gabansa.

"Abokan hanya, wa ya san mai gyaran sibi kafin Radomsko?" in ji wata murya.

"Akwai wata tsohuwa a bayan gidan mai," wani ya amsa, "amma kada ka soma. Mitarta ƙarya take yi, shaƙe rediyo take. Waldek mai tankar madara wat huɗu ta bar masa. Da ya je wurin Sylwek, arba'in aka buɗe masa."

Tsohuwa da aka ce mata bai dame ta ba, shekararta hamsin da tara, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Amma mitarta ta auna ƙarfin rediyo! Ta ajiye ƙarfen dalmar.

Tana 'yar shekara goma sha tara ta shiga masana'antar rediyo, aka ajiye ta a ɗakin awo. Shekara ashirin da ɗaya aikinta shi ne duba mitocin da ake duba aikin kowa da su. In ta daidaita mita, sai ta ɗiga jan fenti a kan sukurun, kuma ko shugaban sashe bai isa ya taɓa wannan ɗigon ba. Da masana'antar ta rufe, mijinta Leszek, wanda shi ma direba ne, ya samo mata wata tsohuwar kwantena a gefen babbar hanyar Katowice. Shi ya rasu ya bar ta, kwantenar tana nan, ita ma tana ciki shekara goma sha takwas. Duk rediyon da ya shiga hannunta wat huɗu yake fita da shi, wato ma'aunin ƙarfin da yake aika murya da shi. Haka doka ta ce, kuma haka 'yan ƙananan kayan cikinsa za su iya ɗauka ba su dahu ba. Wanda ya yi ƙorafin muryarsa ba ta zuwa nesa, sai ta jingina tsani a jikin motarsa, ko ana zuba ƙanƙara, ta hau ta gyara masa tsawon eriya, don a nan matsalar take kwana.

Sylwek kuwa bara ya bayyana da wata farar mota a ɗaya ƙarshen filin gidan man. Direbobi suna da wata al'ada: in an gama gyara, sai mai rediyo ya yi fito a makirufo yana kallon allurar mita. A wurin Pani Mirka allurar takan ɗan motsa ne ta tsaya. A wurin Sylwek sai ta zabura ta doki bango, ƙatti masu jikoki su riƙa tafi.

Abin da ya fi ƙona mata rai daga baya shi ne, sai da ta yi shakkar kanta. Ta kulle shagon da rana tsaka. Ta jawo gwangwanin nan nata mai cike da mai, wanda ke shanye ƙarfin rediyo a maimakon eriya, ta haɗa shi da rediyon shago, ta auna wutar da ke shiga cikinsa da wata na'ura dabam, ta yi lissafi da fensir. Huɗu. Ta sake. Huɗu. Duk da haka washegari ta naɗe mitar a tawul, ta hau bas zuwa Łódź wurin wani tsohon abokin aikinta mai kula da ɗakin gwaji a wata makaranta. Ya gwada ta da tasa, ya cire tabarau ya ce kuskuren bai kai kaurin allurar ba.

Ta dawo ta wuce kai tsaye wurin farar motar, ta ce a haɗa mitocin biyu a kan rediyo ɗaya a gani. Sylwek ko tashi bai yi ba.

"Haba Kaka," ya ce yana murmushi, "kowa da mitarsa, kowa da kasuwarsa."

Kowa da mitarsa! Sai ka ce wat ra'ayi ne, ko gishirin miya, wani ya so da yawa wani ya so kaɗan. Ta juya ta tafi, don ta san in ta buɗe baki abin da zai fito bai dace da shekarunta ba.

Mako uku maganar tana yawo a iska. Motoci suna rage gudu a gaban kwantenar, su wuce ƙarshen fili. Tana jin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba suna rantsuwa cewa ta shaƙe musu rediyo. Tana da makirufo a gabanta, amma ba ta ɗauka ba. Wanda ya ɓata sunan shi zai gyara shi, da bakinsa.

Ranar Juma'a da azahar tankar madarar ta shigo filin. Pani Mirka ta cire rigar aiki, ta gyara gashinta, ta shiga gidan abincin da ke filin. Waldek yana zaune da direbobi huɗu, ya tasa kwanon miyar tumbi da burodi.

"A'a, shugaba da kanta!" ya ce da fara'ar marar gaskiya. "Zauna mana, a kawo miki shayi."

"Pan Waldek," ta ce, wato Malam Waldek, "ba shayi na zo sha ba. Tashi ka ciro mini fis ɗin rediyonka."

"Fis? Ina cikin cin abinci?"

"Miyar ba za ta gudu ba. Kai ne mai gudu."

Direbobin suka kwashe da dariya, ya rasa yadda zai yi, ya fita ya dawo da ɗan fis ɗin a tafin hannu. Ta miƙa wa wani mai furfurar gashin baki da ke kusa.

"Pan, karanta mana abin da aka rubuta."

"Amfiya biyu."

"Wutar da ke shiga rediyon fa?"

"Bolt goma sha uku da ɗan kai," in ji wani.

"Biyu sau goma sha uku?"

"Ashirin da shida."

"To iyakar abin da rediyon nan zai ci ke nan kafin fis ya ƙone. A ciki zai kunna fitilarsa, fiye da rabi ya tafi a zafi. Arba'in ɗin daga ina ya fito? Pan Waldek, tankarka lita dubu ashirin take ɗauka. Ka taɓa sauke dubu talatin?"

"In ya bi ta bakin kogi yana iyawa!" in ji mai gashin bakin. Har mai kawo abinci sai da ta dafa tebur don dariya.

Kunnuwan Waldek suka yi ja. "Ni dai da idona na ga allurar."

"Allura ka gani. A bayan kowace mita akwai ɗan sukuru. Ba ni minti ɗaya in sa tawa ta nuna maka ɗari. Ban yi ba ne don ni ba 'yar wasan yara ba ce. Ka ce na shaƙe maka rediyo, ban damu ba. Ka ce mitata tana ƙarya. Ka san inda na kai ta saboda kai?"

"A kan tebur na faɗa, shugaba, hira ce kawai. Ban ce a kai iska ba."

"Ta kai. Can za ka bi ta."

Suka fita gaba ɗaya, har da masu ɗauke da kofin shayi. Waldek ya mayar da fis, ya hau mazauninsa, ya gyara murya, ya danna makirufo ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce shi ne Waldek mai madara, ya ce an samu rashin fahimta, ya ce abubuwa da dama. Ya saki makirufon. Sai lasifikar ta ɓarke.

"Abokina, fito daga cikin bokitin ka yi magana!"

"Wa ke soya ƙwai a tasha?"

"Ana jin ka a tasha ta sha takwas, ana jin ka a ashirin, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Kashe wannan injin niƙan!"

Waldek ya dubi makirufon kamar ya cije shi. "Shi ya sa," ya ce a hankali, "kwana biyu in na yi tambaya ba mai amsa mini. Na ɗauka hassada ce."

"Ciro shi," in ji Pani Mirka.

Bayan rediyon ya yi zafin da sai da ya canja hannu sau biyu kafin su kai kwantena. Ta buɗe murfin, ta yi tsaki. An kankare ɗigon fentinta, an murɗe sukurun ƙarfi har ƙarshe, an kuma datse ɗan abin da ke hana murya yin yawa ta fashe, an bar ƙafarsa a tsaye. Ta haɗa shi da mita da gwangwanin mai.

"Ga arba'in ɗinka. Karanta da kanka."

"Bakwai," ya ce.

"Bakwai, kuma da ka ƙara mako guda da sifili za ka karanta. A kan wat uku aka mai da kai abin dariya daga nan har Warsaw, ni kuma aka mai da ni maƙaryaciya."

Ta yi kusan minti arba'in a kansa. Ta sa sabon abin da aka datse, ta danna makirufo, ta riƙa juya sukurun a hankali har allurar ta sauko ta zauna a kan huɗu. Ta fita ta auna eriyar motar ma, ta samu ta goce, ta hau tsani ta gyara.

Waldek ya sake hawa. Wannan karon bai yi dogon jawabi ba.

"Abokan hanya, Waldek ne mai madara. Abin da na faɗa a kan Pani Mirka ta bayan gidan mai ba gaskiya ba ne. Mitarta daidai take. Ni ne jakin."

"Yauwa, yanzu ana jin ka tas, jaki!" wani ya amsa.

"Wace ce kuma Mirka?" in ji wani. Kafin a ba shi amsa, wata murya ta hau kansu tana tambayar ko hanya lafiya wajen gada.

Shi ke nan. Mako uku ana tauna sunanta, ga gyaran ya zo ya wuce cikin numfashi ɗaya. Ta dubi Waldek.

"Sake faɗa."

"Ai na faɗa, shugaba."

"A nan ka faɗa. Wat huɗu kilomita goma suke zuwa, in an yi sa'a. Madararka har Katowice za ta. Duk kilomita goma, Pan Waldek."

Ya dubi direbobin da ke tsaye suna kallonsa. Ya tada mota.

Ta koma kwantena ta ƙara muryar rediyon shago. Bayan ɗan lokaci ta ji shi, a fili, har da jakin. Ta zauna hannu a cinya tana jira. Karo na biyu ya zo can ƙasa-ƙasa cikin shuu, sunanta kawai ta iya tsinta. Ta murɗa har ƙarshe, ta kara kunne a lasifika. Daga nan tankar ta fita inda eriyarta ke kaiwa, ko ya ci gaba ko bai ci gaba ba, ba ta da hanyar sani.