Zanen da aka ce hatimi ne

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramar sakandare kuma ina ganin duk Wudil babu wanda ya kai ni sanin waya, na kusa sa a riƙa kiran mahaifiyata mai asiri. Na san wasunku za su ce yaro kamata ina ya samu wasu shekarun baya. Ina da su. Duk wanda ya taɓa kankare ƙanzon tukunyar rumfar abinci, shekararsa ɗaya ta fi ta sauran mutane tsawo.

Mahaifiyata tana da rumfa a bakin titi, tsakanin gada da hanyar kara, wato kasuwar shanu. Shinkafa da wake, mai da yaji, sai soyayyen kifin kogi. Ita tana bayan zana wajen tukwane, ni kuma in an tashi daga makaranta ni ne mai kai kwano, mai kawo ruwan wanke hannu, mai ba da labarin da ba a tambaye ni ba. Masu cin abincinmu kashi biyu ne. Akwai 'yan jami'a, waɗanda ba sa kai loma baki sai sun leƙa waya. Akwai kuma dillalan shanu na ranar Juma'a, ƙarƙashin wani dattijo daga wajen Achika, wanda tun kafin a haife ni yake cin abincinta. Inda ya zauna nan sauran suke zama. Da zai ce yau ƙasa za a ci, da kowa ya wanke hannu.

Abokina, wanda yake taya yayansa gyaran waya a tasha, shi ya fara kawo zancen. Ya ce baƙi yanzu ba sa tambayar mutane inda ake cin abinci mai daɗi, taswirar waya suke tambaya, ita kuma taurari take dubawa. Wanda ya ci abinci sai ya shiga ya ba da tauraro, ya rubuta abin da ya gani. Ya ɗora rumfarmu a taswirar, har da hoton bencinmu mai ɗingishi. Saura yadda za a kai mai ci zuwa shafin kafin ya wanke hannu ya manta da mu.

Hanya biyu ce, in ji shi. Ta farko zanen nan mai kusurwa huɗu, baƙi da fari kamar an zubar da gero a kan allo, wanda ake haskawa da kyamarar waya. Ta biyu wani ɗan ƙaramin abu ne mai faɗin kwabo, ana manna shi, ka kai bayan wayarka ka taɓa, shafin ya buɗe da kansa. Muka sa masa suna kwabo. Abokina ya ce kwabo ne zamani, zane na tsofaffi ne. Ni kuma na ɗauki zane, ba don na san komai ba, sai don shi ya ɗauki ɗayan. Muka ce a manna duka, ido ya raba gardama.

Mahaifiyata ta dube su a tafin hannuna ta ce, "Suna cin wuta?" Na ce a'a. "Suna kiran hukuma?" Na ce a'a. Ta ce to in manna, in kuma zo in tsince mata wake. Na manna zanen a ginshiƙin rumfa, kwabon kuma a tebur.

Na zama mai bincike. Kwano a hannu, ido a kan wayoyin mutane. Abin da na fara gani shi ne kwabon abokina ya mutu murus. Ɗalibai suka yi ta goga waya a tebur kamar masu guga, shiru. Ashe teburinmu na ƙarfe ne, shi kuwa kwabo ba ya shiri da ƙarfe. Da muka mayar da shi jikin benci na katako sai ya farfaɗo. Ko a nan ma yana zaɓen dangi. Wata wayar tana taɓawa za ta yi ƙara ta buɗe, wata kuma ko ka kwana kana dannawa ba ta san da shi ba, don ba a halicce ta da abin ba. Ga masu rigar waya mai kauri kamar katifa, su sai sun tuɓe ta.

Na fara yi wa abokina dariya, sai zanena shi ma ya nuna hali. Duk wayar da take da kyamara tana karanta shi, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da yake cin kifi da hannun dama, da hagu yake riƙe waya, hagu kuma rawa take. Sai ka ga ƙato yana auna ginshiƙi da waya, ido ɗaya a kanne, kamar maharbin da ya ga zomo. Wani gilashin kyamararsa ya tsage, wani ya shafa mata mai. Yara kuma suka gano cewa zanen wuri ne mai kyau na goge yatsa. Kullum sai na bi shi da tsumma. A nan kwabo ya fi: ka taɓa da hagu, ka ci gaba da cire ƙaya.

Ina cikin wannan lissafin Juma'a ta zo. Dattijon ya zauna, ya yi bisimilla, sai idonsa ya faɗa kan ginshiƙi. Ya daɗe yana kallo. Ya matsa kusa, ya karkata kai.

"Kai ɗan nan, wa ya ba ku wannan?"

"Wani abokina ne, Baba."

"Aikin me yake yi?"

A nan ne ya kamata in yi magana kamar mai hankali. Sai na buɗe ƙirji na ce, "Jawo masu ciniki yake. Ko mutum yana Kano, in dai yunwa ta kama shi, sai ya ga rumfar nan a gabansa. Ba ya iya wucewa."

Ya ce, "Uhm." Ya ture kwanon a hankali, ya wanke hannu, ya yi wa mahaifiyata sallama ta bayan zana, ya tafi. Ni har ina cewa a raina yau Baba ba ya jin yunwa.

Juma'ar da ta biyo baya bencin dillalai ya wuni babu kowa sai ƙuda. Shinkafa ta huce a tukunya. Da la'asar mai furar da ke gefenmu ta shigo bayan zana, ta rage murya, irin ragewar da har masu wucewa a mota suke ji. Ta ce a kara ana cewa an kafa hatimi a rumfar nan. Hatimi, ga waɗanda ba su taɓa gani ba, zane ne mai gida-gida da wasu malamai suke yi a takarda don neman wata biyan bukata. Ta ce ana cewa shi ya sa mutum in ya ci sau ɗaya ba ya iya dainawa, kuma yaron gidan da bakinsa ya faɗa.

Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta zauna a kan turmi, ludayi a hannu. Mace ce da ba ta fashin Islamiyya, ko layar wuya ba ta taɓa ɗaura mini ba. Shinkafar da ta rage ba ita ta dame ta ba. Ta ce, "Shekara da shekaru ina hura wuta, hayaƙi ya cinye mini ido, yau a ce ba hannuna ba ne, takarda ce."

Na ce bari in ɓamɓare shi yanzu in jefa a kogi.

"Ka cire a ce mun ɓoye? Sai Juma'a. Za ka cire shi da rana tsaka, ka riƙe shi a hannu kowa yana gani."

Haka aka yi. Bayan an sauko daga masallaci ta zumbula hijabi, ta sa ni gaba, zanen a hannuna na dama, kwabo a hagu. Ina tafe ina jin kamar ragon da ya ji ana wasa wuƙa. Muka tarar da dillalan a inuwar darbejiya kusa da kara, tare da malamin da yake ja musu salla in sun makara. Ta durƙusa daga gefe. Aka yi gaisuwa, gida, iyali, gajiya, kasuwa, ruwan bana, har na fara fatan a manta abin da ya kawo mu.

Sannan ta ce, "Baba, an ce ka ga abu a rumfata. Ga shi na kawo. Allah ya gafarta malam, a duba mini. In asiri ne, a ƙona shi a nan."

Dattijon ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa. "'Yata, ni ban ce ke kika nema ba. Amma yaronki ya ce yana jawo mutum daga Kano."

Duk ido ya dawo kaina. Na duba ƙasa ko akwai rami.

Malam ya karɓi zanen, ya gyara tabarau, ya juya shi sama da ƙasa. Ya ce hatimin da ya sani yana da haruffa da lambobi a gidajensa, wannan kuwa ko alifi babu. Sai ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro waya. Jama'a, wayar nan ta fi ta duk 'yan jami'ar da suke zuwa wajenmu. Ya haska sau ɗaya, hannu ko rawa. Sai ga hoton bencinmu mai ɗingishi.

Dillalai suka taso suka kewaye shi. Malam ya ce wannan ba komai ba ne illa ƙofa, tana kai mutum inda waɗanda suka ci abinci suke faɗin yadda suka ji. Ya fara karantawa. Wani ya ce kifin ya soyu. Wani ya ce Allah ya ƙara kasuwa. Dattijon bai motsa ba, don a ganinsa ai aikin asirin ke nan. Sai malam ya ci gaba: "Wannan ya ce yajin ya yi yawa, har ya yi kuka." Aka yi 'yar dariya. "Wannan ta ce benci ya yaga mata zane. Wannan kuma ya ce abinci lafiya lau, amma yaron da ke kawowa ya cika surutu, a nemo masa aiki a gidan rediyo."

Dattijon ya ɗago. "Sake karanta na yajin." Aka sake. Sannan ya ce, "To ni dai ban taɓa jin asirin da yake bari a kushe mai shi ba. Kuma gaskiya ne, 'yata, yajinki ya yi yawa. Na daɗe ina son faɗa."

"Ai da ka faɗa, Baba."

"Kunya nake ji."

Ni da na ga gari ya waye, sai na miƙa kwabon abokina, don kada a ce ban yi adalci ba. Malam ya kai bayan wayarsa, ta yi ƙara, shafin ya buɗe ba tare da ya danna komai ba. Dillalai uku suka dafe aljihu a tare. Ɗaya ya ja da baya yana cewa irin wannan ne yake zuƙe abin da ke asusun mutum, ya ji labari a mota. Malam ya yi bayani har ya gaji. Suka ce sun ji, amma a ajiye shi nesa da inda suke zama.

Dattijon ya ce tunda abin faɗin ra'ayi ne, shi ma a rubuta nasa, don tasa wayar mai maɓalli ce, ba ta san zane ba, ba ta san kwabo ba. Malam ya riƙe waya, shi yana faɗa. Ya fara da sallama. Ya gaida duk wanda zai karanta, da iyalinsa. Ya ce shi shaida ne matar nan da guminta take ci, kuma shi ne ya yi mata mummunan zato, a yafe masa. Da aka zo taurari malam ya ce biyar ne ƙarshe, nawa za a sa.

"Sa huɗu."

Na ce, "Haba Baba, bayan duk wannan?"

"Kamala ta Allah ce, ɗan nan."

Na juya wajen mahaifiyata ko za ta sa baki. Tana gyaɗa kai. Ta ce, "Huɗun ma an yi mini kara." Ta miƙe, ta ce abinci yana kan wuta, wanda yake jin yunwa ya san hanya. Kafin mu kai rumfa na waiwaya, sai ga su a bayanmu a jere, dattijon a gaba.

Har yau ni da abokina ba mu gama gardamar ba. Shi yana cewa kwabo ya fi sauri, kuma gaskiyarsa. Ni ina cewa zane ba ya wariyar waya, ni ma gaskiyata. Zanen yana nan a ginshiƙi, an rufe shi da leda saboda masu goge yatsa, kwabo kuma yana can ƙarshen bencin ɗalibai. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, duk binciken da na yi, wayoyi na yi ta kallo: wacce ta karanta, wacce ta ƙi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me mutum yake gani ba in ya ɗaga kai daga kwano ya yi ido biyu da abin. Yanzu in baƙo ya tsaya yana kallon ginshiƙin nan, nakan matsa kusa in tambaye shi, a ganinsa mene ne wannan. Amsoshin da nake samu sun fi na cikin wayar daɗi. Ni dai ba na ƙara cewa komai sai ya gama.