Hayaƙi a Bayan Asabari

Jikata mai aikin jinya ta taɓa kawo mini kwalin taba, ta ce a wurin aikinsu ana neman dabarar da za a gyara gargaɗin da ake rubutawa a jikinsa don ya riƙa shiga kunnen mutane. Ta karanta mini shi, ta fassara: wai mai sha yana iya mutuwa da ƙuruciyarsa. Rubutun da Turanci ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma yawancin masu sha kara ɗaya suke saya, kwalin ya tsaya a hannun mai tebur. Amma ba wannan ne ya fi ba ni haushi ba. Na ce mata da kakanta aka karanta wa wannan, cewa zai yi ajali na Allah ne, ya ƙyasta ashanarsa. Mutumin ƙasarmu ba a tsorata shi da mutuwarsa. In za su rubuta, su rubuta masa wanda ke kwance kusa da shi, in da hali su zana, don marasa karatu.

Na san abin da nake faɗa, domin a ɗakina na koye shi.

Daga Kajiji ta ƙasar Shagari aka kai ni aure Bodinga, gidan wani malami mai makarantar allo. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, ita ce ta zaure, kuma a zauren Malam yake wuni. Ɗansa na aura. Maigidana direba ne, yana jan motar wani Bature mai duba gonakin auduga, kuma a can ya koyi busa sigari. Duk gargaɗin da ya taɓa ji a kan taba na kunya ne: ɗan malam ba ya sha, mai mutunci ba ya sha a gaban manya. Ba wanda ya taɓa ambaton ƙirji. Tun da kunya aka tsorata shi da ita, sai ya nemi inda ido ba ya kaiwa. Bayan la'asar yakan shigo ɗakina, ya saki asabari, ya toshe 'yar tagar da tsumma, ya zauna bakin gado ya sha abinsa. Ni kuma in bi bayansa da turaren wuta. A lokacin har alfahari nake yi, ina ganin ni ce mai rufa wa mijina asiri.

Shekarar da aka sami mulkin kai na haifi 'yata ta fari. Na yi wankan jego a Kajiji, na dawo da ita ɓul-ɓul, kuka kamar za ta tsaga ɗaki. A daidai lokacin Baturen ya tattara zai koma ƙasarsu, ya yi wa direbansa kyautar wani akwatin katako cike da irin tabar da su manyansu ke sha, mai kauri kamar babban yatsa, ganye ne zalla aka naɗe. A murfin akwai hoton wani ƙato mai saje, ja-wur da shi, lafiya har ta yi masa yawa. Ban da hoton nan da zanen ruwan zinari babu komai a jiki. Ɗaya tak in ya kunna, sai ɗakin ya yi duhu, kuma warin ba ya barin zannuwa ko an wanke.

Ba a jima ba yarinya ta fara tari. Daga tari sai ƙirjinta ya soma wani kuka siriri in tana jan numfashi, haƙarƙarinta na lotsawa ciki. Nono ma sai ta kama ta saki don ta samu ta shaƙi iska. Ga shi 'yar fari ce, al'ada ba ta bar ni in nuna damuwa a kanta a gaban surukai ba, ko sunanta ba na faɗa. Sai in ɗaure fuska a tsakar gida kamar ba ni na haife ta ba, in shiga ɗaki in yi kukana.

Surukata, Inna muke ce mata, ita ta ɗauki jinyar. An yi rubutu, an yi jiƙo, an shafa man shanu a ƙirji. Da abin ya ƙi, aka ce in kai ta gida a gwada sauyin wuri. Muna isa Kajiji, kafin mako ya zagayo, yarinya ta washe har tana ɓangala dariya. Muka dawo Bodinga, ciwo ya dawo. Inna ta tafa hannu ta ce, “To, ga ta nan! Ɗakin ga ad da iska. Ku kawo kasko.”

Aka zuba garwashi, aka barbaɗa saiwoyi da ƙaro, aka rufe ɗaki da ni da jaririya a ciki don hayaƙi ya kori aljanu. Allah ya jiƙan Inna, da zuciya ɗaya ta yi. Amma ranar na ga idon 'yata ya juye, leɓenta ya yi baƙi, har na fita da ita a guje ba ɗankwali.

Abin da ya buɗe mini ido tafiya ce. Maigida ya sami aikin jan babbar mota, ya yi doguwar tafiya kudu. Muna nan a ɗakin da aka ce yana da iska, ba mu gusa ko'ina ba, yarinya ta warke sarai. Inna ta ce turarenta ne ya ci. Ranar da ya dawo, ya ci tuwo, ya shigo ya saki asabari, ya buɗe akwatinsa. Bai kai rabin kara ba na ji kukan nan siriri ya taso daga kan gado. Na dubi yarinya, na dubi abin da ke hannunsa. Nan na gane tabar ce, kuma da hannuna nake bin bayanta da turaren wuta.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa musa masa ba. Ranar na ce, “Maigida, kashe abin ga.”

Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. “Mi kinka ce?”

“Na ce kashe shi. Saurara ka jiya. Da kat tahi ta warke, yanzu ka dawo.”

Ya kasa kunne. Ba mugu ba ne, yana son yarinyar nan fiye da yadda al'ada ta yarda ya nuna. Ya murje wutar a ƙasa, ya ce da ƙaramar murya, “To ina kike so in kai ta? Malam na zaure.”

Na ce ban sani ba, amma ba nan ba.

Ya yi ƙoƙarin bari, wannan zan shaide shi ko a gaban Allah. Ya yi ta cin goro har haƙoransa suka rine, yana faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abin ya fi ƙarfinsa, ya koma sha a ɗaki. Inna kuwa, da ta ji tarin ya sake motsawa, ta aika a nemo mata sababbin saiwoyi, ta ce gobe za a sake turara ɗaki. Na gaya masa. Na ce in aka sake rufe yarinyar nan da kasko, gawarta za a fitar, kuma ni ba ni da bakin da zan hana Inna sai in na faɗi dalili. Ko shi ya faɗa, ko ni.

Da safe, bayan yara sun tashi daga karatu, ya ɗauki akwatin ya nufi zaure. Na bi shi na laɓe a bayan zana. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye akwatin a gaban mahaifinsa.

“Allah shi gafarta Malam, ɗakin can ba shi da iska. Ni na. Wanga abu nika sha ciki.”

Malam bai taɓa akwatin ba. Ya daɗe yana jan tasbaha kafin ya ce, “Kana zaton hancina ya mutu? Tun kahin a yi maka aure nis sani. Na yi kurum don in ruhe maka asiri.” Sai ya dubi akwatin. “Ashe bisa jikata nika ruhe shi.”

Na zaci zai ce a ƙone akwatin, ko ya yi masa baki. Sai ya tambaye shi ko yana iya bari. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce ya gwada, ya kasa.

Malam ya nuna gindin durumin da ke ƙofar gida, inda duk mai wucewa kasuwa yake bi. Ya ce, “To can za ka zamna ka sha, har Allah shi yaye maka. Kunyar, ni ka ɗaukar ta.”

Ya kuwa ɗauke ta. Bodinga ta yi ta magana, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga makarantar, suna cewa wanda bai iya da ɗansa ba ina zai iya da na wani. Malam ya ci gaba da karantar da waɗanda suka rage. Ranar farko da la'asar na leƙa ta zaure na hango mijina a gindin durumi, kansa a ƙasa, hayaƙi na tashi, masu wucewa na waiwaye, mahaifinsa kuma na zaune a bakin ƙofa inda kowa zai gan su tare. Na koma ɗaki na zauna kusa da 'yata. Barci take yi, bakinta a rufe, ta hanci take numfashi.