Kara Biyu a Haɓar Zane

Har yau, idan wani ya girgiza kwalin ashana kusa da ni, sai gabana ya faɗi. Jiya ma sai da hakan ta faru a kicin. 'Yata ce ta ɗauko za ta kunna risho, ta karkaɗa shi don ta ji ko da saura a ciki. Ita ba ta san ta yi komai ba. Ni kuwa sai ga ni na koma 'yar shekara goma sha ɗaya, ina tsaye a bakin zauren gidanmu na Sintali, ina jiran Baba ya ɗago ido.

Baba tela ne. Mahaifinsa ne ya zo da sana'ar daga Zariya tun Jalingo ba ta wuce 'yan unguwanni ba, kuma zauren gidanmu shi ne shagon. A shekarun da garin ya zama hedikwatar jiha, ma'aikata suka cika ko'ina, kowa yana son kaftanin shiga ofis. Baba yakan hau keken ɗinki tun da hantsi, ba ya sauka sai don salla. Da aiki ya ƙaru, taba ma ta ƙaru. Haka nake ganinsa har gobe: karan sigari a gefen baki, ido ɗaya a kanne saboda hayaƙi, ƙafa tana taka keke. Inna, mahaifiyarmu, takan shanya kayan da ya gama a igiya kafin masu su su zo, don warin ya ragu.

Mu huɗu ne, ni ce babba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Uwata. Kaka kuwa, wadda na ci sunanta, tana ɗakin da ke kusa da rijiya, kullum da carbi a hannu.

Da bazara abin ya fara, lokacin da kwanon rufi ke ɗaukar zafi har ka ji kamar ana gasa ka. Sai keken ya yi shiru ana tsakiyar ɗinki. In na leƙa, sai in tarar da Baba ya dafe ƙirji, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Yakan ce kamar an ɗora masa buhun masara ne, amma yanzu zai wuce. Maƙwabciyarmu, wata nas Bajukuna da muke kira Anti, ita ta zo ta auna shi, ta kuma tsaya a kansa sai da ya je asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun fara tsukewa, kuma in bai bar taba ba, magani ba zai yi masa komai ba.

Ranar, Kaka ta sa aka kira shi tsakar gida a gabanmu duka.

"Haka mahaifinka ya fara," in ji ta. "Na karɓi gaisuwar miji a kan wannan ciwo. Ba zan zauna in karɓi ta ɗa ba."

Baba ya sunkuyar da kai, ya yi mata alkawari. Inna ta ɗauko sauran kwalin ta jefa a murhu.

Mako uku ya yi bai sha ba. Gidan ya zama kamar ana tafiya a kan ƙaya. Mutumin da ba ya faɗa ya koma daka mana tsawa a kan ɗan ƙaramin abu. Hannunsa yana rawa, har ya yanka wata shadda ba daidai ba, ya zauna yana kallonta kamar zai yi kuka. Rannan na dawo daga makaranta, ina wucewa ta zaure, sai na ji ya girgiza kwalin ashana sau biyu. Na tsaya. Bai kalle ni ba.

"Uwata, kara biyu kawai. Tsakanina da ke."

Mai karatu, kada ka yi saurin hukunta ni. Abin da na fara ji ba tsoro ba ne, daɗi ne. A duk gidan ni kaɗai ya yarda da ita. Inna ta riga ta ja kunnen mai teburin layinmu, don haka sai na yi tattaki har wajen unguwar Majidaɗi, inda ba a san fuskata ba. Na ƙulle su a haɓar zanena na dawo. Daga ranar, duk lokacin da zai kai wa masu kaya ɗinkinsu a kan babur, sai ya ce in zo in riƙe masa ƙunshin. A hanya mukan raɓe a gindin wani mangwaro, ya zuƙa da sauri yana waige-waige, sannan ya tauna kanumfari mu wuce.

Damina ta sauka, masara ta yi tsawo a bayan gidaje, biyu suka zama huɗu. Daɗin nan kuwa ya gushe. Kullum da yamma Kaka takan ce masa, "Allah ya yi maka albarka, ka cika mini alkawari," ni kuma sai in tsame hannu daga tuwo. Na fara kasa kunne da keken ɗinki. In ya yi shiru, sai in daina numfashi har sai ya ci gaba. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya wa Inna, sai in tuna yadda yake cewa Uwata, in haɗiye.

Wata Asabar a tsakiyar damina, an wuni ana ruwa, sai bayan azahar ya ɗauke. Baba ya ce akwai kayan da za mu kai unguwar Mayo Gwoi, ƙetaren kogi. A gindin mangwaron nan ya sha biyu a jere, ya ce in ajiye sauran biyun sai mun dawo. Na lura yana murza kafaɗarsa ta hagu.

Muka hau gada. Kogin ya cika ya yi jawur, yana tafe da itatuwa da karan masara, ƙararsa har ta danne ta babur. Muna tsakiya na ji babur ya karkata. Ya miƙe, ya sake karkata wajen ƙarfen gefe. Bayan rigar Baba da na manna fuskata a kai ya jiƙe sharkaf, kuma ba ruwan sama ba ne.

"Riƙe ni da kyau," ya ce. Muryar ba tasa ba ce.

Na saki ƙunshin kayan, na rungume shi da hannu biyu. Ina jin ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar na wanda aka shaƙe. Ban san yadda ya kai mu ƙarshen gadar ba. Muna taka ƙasa ya ja birki, ya sa ƙafa ɗaya don in sauka, sannan shi da babur suka kwanta a cikin taɓo.

Fuskarsa ta koma kamar toka. Na tsaya ina ta kiran Baba, Baba, na kasa ko taɓa shi. Wata mata 'yar ƙabilar Mumuye da ke tafe da doya a ka ita ta sauke kayanta, ta janye shi daga ƙarƙashin babur, ta jingina shi a jikinta.

"Yarinya, kar ka yi kuka," ta ce mini. "Baba naka yana da rai. Tare mota!"

Na shiga tsakiyar titi na ɗaga hannu. Wata a-kori-kura ta tsaya. Har yau ban san sunan matar nan ba, doyarta ma a nan ta bar ta, ta raka mu har asibiti.

Kafin la'asar ta wuce, Inna da Kaka sun iso, Anti ta kawo su. An sa masa roba a hanci, an yi masa allurai, ya ɗan farfaɗo. Likita ya tsaya a bakin gadon yana duba kati.

"Ya daina shan tabar?"

"Wata huɗu rabonsa da ita," in ji Inna, ba ko shakka a muryarta.

Likita ya dubi Baba. Baba ya gyaɗa kai, idonsa a rufe. Likita ya ce in haka ne to abin ya fi yadda yake zato, yana so a gaya masa gaskiya don ya san da me yake fama. A nan Baba ya buɗe ido. Bai dubi kowa ba sai ni. Ba harara ba ce, roƙo ne.

Na san in na yi magana na rasa shi, in na yi shiru ma ina iya rasa shi. Sai na kwance haɓar zanena, na ajiye kara biyun nan a kan farin zanen gado. Sun jiƙe, ɗaya ya karye.

Ba wanda ya yi motsi. Inna ba ta mare ni ba, da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Kaka ce ta yi magana, a hankali, tana duban ɗanta.

"Duk duniya ka rasa wanda za ka ɗora wa wannan kaya sai yarinya?"

Baba ya juya fuskarsa bango.

Kwana goma sha biyu ya yi a kwance. Keken ɗinki yana zaure an lulluɓe shi da tsohon zane. Duk wanda ya yi sallama sai in ce labarin rasuwarsa ne aka kawo. A raina na gama yanke cewa ni na kashe shi, ko da sayowa ko da tonawa. Anti ce ta same ni a bayan rijiya na ƙi cin abinci. Ta zauna a ƙasa kusa da ni da farin kayanta, ta ce taba tana riƙe mutum har ya yi abin da shi kansa yake jin kunyarsa, kuma abin da na yi a gaban likita shi ne taimako na farko da na yi wa babana.

Da aka sallamo shi, ya yi kusan wata ba ya haɗa ido da ni. In yana son ruwa sai ya aiki ƙanena. Wata safiya ina shara, na gan shi yana fama da zare da allura.

"Uwata, zo ki zura mini."

Na zura. Bai saki hannuna ba. "Na sa ki abin da bai kamata uba ya sa 'yarsa ba," ya ce. "Ki yafe mini." Ban taɓa jin babba ya roƙi yaro gafara ba sai ranar.

Wannan karon ya bari, da wahala, da asuwaki a baki dare da rana. Amma zuciyar ba ta koma yadda take ba. Bai sake hawa babur ba. Keke sai ya taka kaɗan ya huta. Autanmu yakan miƙa hannu a ɗauke shi, Baba sai dai ya zauna ya ɗora shi a cinya. Duk da haka tarin safe ya tafi, mu ma muka daina yawan mura. Har ya ce wa Inna ta canza hannu a miyar kuka, alhali miyar tana nan yadda take, harshensa ne ya dawo. Kaka ta riga shi tafiya, kamar yadda ta roƙa. Shi kuwa ya ƙara shekara goma sha shida. Shi ya aurar da ni, shi ya yi wa 'yata huɗuba.

A shekarunsa na ƙarshe, idan saurayi ya zo awo ya ji warin taba a jikinsa, ba ya yi masa wa'azi. Sai ya kamo hannunsa ya ɗora a ƙirjinsa. Zuciyar takan buga, ta buga, ta tsaya kamar ta manta, sannan ta ci gaba. "Ka ji?" Iyakar abin da yake cewa ke nan. Na ga waɗanda suka janye hannu da sauri kamar sun taɓa wuta.

Yanzu Sintali ta cika da benaye da shaguna. Samari, har da 'yan mata, suna zama suna zuƙar shisha mai ƙamshin 'ya'yan itace, suna cewa ai wannan ba taba ba ce. Ina wuce su in ga fuskokin da gida guda ke jira su dawo. Baba ba ya nan, ni kuma ba ni da ƙirjin da zan ɗora hannun kowa a kai. Abin da na gani kawai nake da shi. Idan kana sha, ka dubi wanda ya fi kowa ƙaunarka a gidanku. Yana jin tarinka, yana kallon hannunka in ka kai shi ƙirji, kuma tsoro ne ya hana shi magana.